Masu kallon tseren keke, me ya sa mai ƙarfi ke tsayawa jiran wani?

Mai Faci, Tudun Wadan Zariya:

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran keke ne, na haura shekara talatin a rumfa ɗaya, tun ana yayin Raleigh mai kariya da ƙararrawa. Amma sai a watan nan na taɓa zama na kalli tseren keken Turawa. Ɗan ƙanwata ne ya jawo. Ya kawo a gyara masa sarƙa, yana jira yana kallon waya, na leƙa ta kafaɗarsa. Ƙarshenta tif ɗin wani bawan Allah ya yi ta jiƙa a bahon ruwa har mai shi ya dawo daga sallar la'asar ban nemo hujin ba.

Tsohon tsere ne, Tour de France na 2022, ranar da aka ƙare a kan wani tsauni wai shi Granon. Na sake kallonsa sau biyu da daddare, kuma har yanzu akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Akwai wani ƙato mai koriyar riga, Wout van Aert. Tun da aka saki tsere ya ɓalle, ya wuni a gaba. Ko ni da ban san komai ba na ga ƙafarsa ba irin ta sauran ba ce. Can sai na ga ya saki feda yana waige. Ba faci ya yi ba, na duba tayoyin da kyau, ai sana'ata ce. Jira ya tsaya yi. Manyan suka zo suka wuce shi, shi kuwa ya jira wani ɗan ƙungiyarsu da aka baro a baya, Roglic, ya jawo shi har ya haɗa shi da su. Shi ma Roglic ɗin lamarinsa da ban mamaki: kafin nan sai ya zabura kamar zai tashi sama, a kamo shi, ya sake zabura, har ya ƙarar da kansa a banza. Daga ƙarshe wani siririn yaro da za ka ce iska za ta kayar, Vingegaard, shi ya ci, shi aka sa wa riga mai ruwan ɗorawa.

A ƙwallo na gane, ka ba wani ya jefa a raga, cin na kulob ne. A sukuwa kuwa ban taɓa ganin wanda ya ja linzami don dokin wani ya wuce ba. Nan kowa da kekensa, ba mai taka wa wani feda, kuma sunan mutum ɗaya za a rubuta. To me waɗannan suke tsinana masa? Wa ke ba su umarni? Kuma me za su ci a ciki? Na tambayi yaron ya ce "dabara ce, Kawu", da na matsa sai ya ce cajinsa ya ƙare.

Ɗan Damagaram, daga Grenoble:

Wa alaikumus salam, Baba Mai Faci. Ina zaune a gindin tsaunukan nan da ka gani, kuma ni ma shekarata ta farko irin tambayar da na yi ta yi ke nan, abokan aikina suna ta dariya.

Mu fara da iska, don ita ce tushen maganar. Ka san yadda iskar hunturu take tokare ƙirji in ka nufe ta a kan keke. To su waɗannan a shimfiɗaɗɗiyar hanya kilomita 40 zuwa 45 suke yi a awa, kuma a irin wannan gudun yawancin ƙarfin mutum wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya laɓe daf da tayar wani ya rage wa kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Wanda ke tsakiyar ayari kuwa, mutum ɗari da wani abu sun kewaye shi, wani lokaci har birki yake taɓawa alhali na gaba numfashinsa na neman ɗaukewa. Gaskiyarka ba a taka wa mutum feda, amma ana tare masa iska.

Kowace ƙungiya mutum takwas take kawowa. Zango 21 ne cikin mako uku, sama da kilomita 3,300, kuma wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ne mai rigar ɗorawa. Ɗaya ne madugu. Sauran ana ce musu domestique, kalmar Faransanci ce, wato barori, kuma a tseren keke ba zagi ba ne. Akwai ƙarti masu nauyi da ake sawa gaba a fili, akwai sirara da ake ɓoyewa sai an kai hawa na ƙarshe. Kowa da inda za a ƙona shi. Ya ja, ya ja, ƙarfi ya ƙare, ya kauce gefe, na bayansa ya karɓa. Wanda ya kauce ɗin ko bayan minti ashirin ya iso ba mai yi masa faɗa, muddin bai wuce wa'adin da alƙalai suka yanka ba.

Wata rana tseren ya biyo ta kusa da mu, na tsaya bakin hanya. Bayan ayari ya wuce sai ga wani shi kaɗai manne da tagar motar ƙungiyarsu, ana miƙo masa gorunan ruwa yana cusawa ta wuyan riga, ɗaya, biyu, har na daina ƙirgawa a shida. Ya tashi bayansa ya yi tozo kamar raƙumi, ya bi ayarin nan da gudu don ya ratsa har gaba ya raba wa 'yan'uwansa. Madugu ba ya zuwa ɗebo ruwa. A cikin motar akwai koci riƙe da oba-oba, ga ƙaramin talbijin a gabansa, kowane ɗan tsere kuma da abin ji a kunne. Shi ne mai umarnin da kake tambaya. Rufin motar cike da kekuna, a kujerar baya kuma makanike ne zaune da tayoyi a jikinsa, yana jiran a taka birki ya dira. Da a can aka haife ka, Baba, wannan ce kujerarka.

Yanzu ranar Granon, 13 ga Yuli. Pogacar, madugun ƙungiyar UAE, mai rigar ɗorawa a safiyar ranar, shi ya ci Tour na 2020 da na 2021, kuma kowa ya san gaba da gaba ba mai iya masa. Shi ya sa Jumbo-Visma, ƙungiyar su Van Aert, suka zo da madugu biyu, Vingegaard da Roglic. Da safiyar ranar Vingegaard na bayansa da daƙiƙa 39, Roglic da kusan minti uku. Shi kuma Pogacar korona ta riga ta cire masa mutum biyu, Laengen da Bennett.

Van Aert da ɗan ƙungiyarsu Laporte ba don su ci aka tura su gaba ba. Masu nauyi ne, in aka fara hawa tare da sirara za a bar su, don haka sai su yi sammako su haye tsaunin, su jira madugunsu a inda zai buƙace su. Kamar a aika mutum gaba da guzuri ya tsaya a mararraba. Saura kusan kilomita 60, daf da ƙarshen hawan Telegraphe, Roglic ya zabura, ya tarar da Laporte na jira, ya ja su a gangara. Daga nan har cikin hawan Galibier suka sa Pogacar a tsakiya. Roglic ya tafi, Pogacar ya bi shi, Vingegaard na laɓe a bayansa yana hutawa. Da an kamo Roglic sai Vingegaard ya tafi, Pogacar ya sake bi. Su karɓa-karɓa suke yi, shi kuwa kowace zabura sai ya amsa ta da ƙafarsa. A ganina nan ya yi wauta. Roglic na fama da rauni kuma yana can baya da minti uku, da ya ƙyale shi ya tafi, ya tsare mutum ɗaya. Amma yaro ne mai jin ƙarfi, ba ya son kowa ya wuce shi. Masu sharhi da yawa sun ce garin wannan kai-komo bai ci abinci yadda ya kamata ba, kuma su a kan keke suke ci, duk bayan 'yan mintoci sai sun jefa wani abu a baki.

Galibier tsayinsa mita 2,642. Pogacar ya haye shi lafiya, har yana yi wa mai kyamara murmushi a kwari. Nan ne ka ga jiran Van Aert: ya dawo da Roglic, sannan ya shiga gaba ya ja su har gindin Granon, Vingegaard bai sha iska ba. Granon kilomita 11 ne da ɗoriya, duk mita ɗari da ka yi ka hau kusan mita tara. Saura kamar kilomita biyar Vingegaard ya tashi, wannan karon Pogacar ya nemi ƙafa ya rasa. Ya iso bayan minti 2 da daƙiƙa 51, riga a buɗe, kai a sunkuye.

Tun da kai mai gyara ne, nemi zango na biyar na shekarar, na kan hanyar duwatsu ta arewacin Faransa. Keken Vingegaard ya samu matsala, ɗan ƙungiyarsu Van Hooydonck ya sauka ya ba shi nasa. To shi wannan dogo ne, ya haura mita 1.90, yaron ya hau ya kasa zama a sirdi yana ta taka feda a tsaye. Ya sauka ya karɓi na wani nasu, Kruijswijk, motarsu ta iso, ya sake sauka ya ruga ƙetaren hanya ya ɗauki nasa na ajiya. Van Aert ne sanye da rigar ɗorawa a ranar, amma shi ya shiga gaba ya ja shi, har asarar ta tsaya a daƙiƙa 13 kacal tsakaninsa da Pogacar. Da ba don haka ba, da maganar Granon ma ba ta taso ba.

Kocin Layi, Kano:

Malam Ɗan Damagaram ka iya ba da labari, amma ni ban saya duka ba. Ana so a ce mana sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To ina yawan ya shiga a 2024? Wannan Pogacar ɗin dai ya ci Giro na Italiya, ya zo Tour ya ci zango shida, ya ba Vingegaard ratar minti 6 da daƙiƙa 17. Bai ishe shi ba, ya je gasar duniya a Zurik ya ɓalle tun saura kilomita ɗari. Wace dabara ce a nan? Ƙafa ce kawai.

Ko a Granon ɗin, duk karɓa-karɓar da aka yi, da Vingegaard ba shi da ƙafar da zai gama aikin da sai dai a ce an yi ƙoƙari. Kuma kada a yaudari Baba da zancen sadaukarwa. Roglic ya faɗi a zangon duwatsun nan kafaɗarsa ta goce, ya san bana ba tasa ba ce, shi ya sa ya yarda a yi fitila da shi. 'Yan kwanaki bayan nan ma ya bar tseren. Ni abin da na gani irin na ƙwallo ne: mai kuɗi ya saye 'yan wasan da a wani kulob su ne taurari, ya ajiye su suna ɗebo ruwa.

Ɗan Damagaram:

Koci, maganarka ta ƙarshe ita ta kayar da ta farko. Duba jerin 2024 ɗin: Almeida na huɗu, Adam Yates na shida, kuma dukkansu barorin Pogacar ne. UAE sun ji jiki a 2022 da 2023, suka je kasuwa. A wannan Galibier ɗin dai, zango na huɗu na 2024, su ne suka yi jerin gwano suna ƙona mutanensu ɗaya bayan ɗaya, har Vingegaard ya waiga ba nasa ko ɗaya, sannan Pogacar ya tashi saura ƙasa da kilomita ɗaya a kai ƙololuwa. Shi kuma Vingegaard ya yi mummunan haɗari a Sifen a watan Afrilu har huhunsa ya taɓu, ga Sepp Kuss, babban mai ja masa a tsauni, korona ta hana shi zuwa. Ƙafa dole ce, ban musa ba. Amma in masu ƙafa biyu suka haɗu, sai a duba wa ya iso gindin tsauni da saura a jikinsa.

Baba, na manta tambayarka ta abin da za su ci. Albashi suke karɓa daga kamfanonin da sunansu ke jikin riga, kuma bara mai kyau ana rububinsa. Ladan wanda ya ci Tour yuro 500,000 ne, al'adarsu kuma ba ya riƙewa, a tukunya ɗaya ake zubawa a raba wa 'yan tsere da ma'aikata, har makanikai da masu tausa.

Sai dai ba kullum ake wanyewa lafiya ba. A Vuelta na Sifen na 2023, Kuss ɗin nan, wanda ya ja wa Roglic ya ci Giro, ya ja wa Vingegaard ya ci Tour duk a shekarar, sai ga shi da jar rigar jagora bayan wata ɓallewa da aka raina. A hawan Angliru, ranar zagayowar haihuwarsa ma, iyayen gidan nasa biyu suka tafi suka bar shi. Da ƙyar ya tsira da rigar da daƙiƙa takwas. Duniya ta yi musu caa, washegari suka koma rakiya. Kuss ya ci, Vingegaard na biyu, Roglic na uku, kuma a ƙarshen shekarar Roglic ya tattara ya koma wata ƙungiyar, Bora.

'Yar Kasala, Sudan:

Sannunku. Baba, bari in ƙara maka wani nau'in, don ba kowane madugu ne rigar ɗorawa yake nema ba. Mu nan Kasala Eritiriya a bayan gidanmu take, maƙwabtanmu da yawa mutanen can ne, kuma keke a wurinsu kamar ƙwallo ne a wurinku. A Yulin 2024 guɗar maƙwabciyata ce ta fito da ni tsakar gida, na zaci haihuwa aka yi. Ashe Biniam Girmay ne ya ci zango na uku a Turin, baƙar fatar Afirka na farko da ya taɓa cin zango a Tour. Ya ƙara biyu, ya tafi gida da koriyar riga, wadda da maki ake cin ta, ba da lokaci ba.

Irin su Girmay aikinsu na mita ɗari biyu ne na ƙarshe, ana gudun da ya kai kilomita 60 zuwa 70 a awa, kafaɗa na gogar kafaɗa. Mutanensa za su wuni suna korar waɗanda suka ɓalle don a iso a dunƙule, sannan na ƙarshensu ya ratsa da shi cikin cunkoso ya sauke shi a inda zai fizga. In aka sauke shi da wuri iska ta cinye shi, in aka makara an rufe ƙofa. Babban abokin hamayyarsa a shekarar Philipsen ne, kuma ka san wa ya yi wa Philipsen wannan aikin? Van der Poel, sanye da rigar zakaran duniya. Ƙungiyar Girmay a lokacin, Intermarché-Wanty, ba ta cikin masu kuɗi, shi ya sa sau da yawa za ka gan shi yana laɓewa a bayan tayar wasu. Ranar da ya faɗi daf da shiga Nim, a zango na 16, 'yan ƙungiyarsa suka tsaya suka rako shi har layi, jikinsa duk ƙurjewa. Maƙwabciyar tawa ranar ko tuwo ba ta ɗora ba.

Mai Faci:

Allah ya saka da alheri, ku duka. Ɗan Damagaram, ni ba na yarda da abu sai hannuna ya taɓa, don haka jiya da sassafe na ɗauki yaron shagona muka kama hanyar Shika da kekuna biyu. Shi shekararsa sha tara, ni gwiwata ta hagu ta daɗe tana ƙara. A jere muka fara, kafin mu wuce Samaru na fara jin ƙirjina. Sai na ce ya shiga gaba, na matso har tazarar tayata da tasa ba ta fi taƙi biyu ba. Wallahi kamar an cire mini buhu daga kariya. Ina jin hucinsa, ni kuwa har ina sakin feda. Da na ɗan fito gefe don in tabbatar, iskar ta mare ni, na koma maɓoyata. Abin da ba ku faɗa mini ba shi ne ba a kallon gefen hanya. Ya kauce wa rami bai yi magana ba, tayata ta goga tasa, saura ƙiris in sha ƙasa a gaban masu sayar da rake. Yanzu na gane abin da ya sa nake ganin suna nuna ƙasa da yatsa.

Da muka kusa Shika na fito daga bayansa na wuce shi fit, ya kasa kamo ni. Ya iso yana haki ya ce, "Oga, ai ka ce an ce raba kuɗin ake yi." Koko da ƙosai ya ci, har da ƙari.

Koci, ina tare da kai a rabi. Da gwiwar nan ta ƙi, ko yara goma aka jera mini ba inda za ni. Amma maganar Kuss ta ɓata mini rai, kuma yaron nan Vingegaard ya ragu a idona, mutum ya yi maka bauta shekara da shekaru, rana ɗaya tasa ta zo ka bar shi a tsauni. Na kalli zangon duwatsun kuma, na yi dariya har da hawaye. Duk tsadar kekunan nan ba wanda za a iya sauke wa sirdi da hannu a bakin hanya, ni da sufana mai lamba goma sha uku a aljihu da an wuce wurin.

Ɗan ƙanwar tawa ya ce akwai wani zango a shekarar, Hautacam, inda Van Aert ɗin da nauyinsa ya ja a kan tsauni har Pogacar ya saki. Shi zan kalla yau bayan isha'i, na riga na ba shi kuɗin data, na kuma ce ya zo da cajarsa.